Ɗumamen Dodo: Abin Da Kuɗin Hollywood Ya Yi Wa Godzilla

Musun ya samo asali ne daga wani guntun bidiyo na daƙiƙa talatin da abokin ɗakina ya tsinto a TikTok. Godzilla da King Kong ne ke sheƙa gudu kafaɗa da kafaɗa, an ɗora musu wani kiɗa mai zafi. Kafin ka ce kwabo ɗakin ya rabu gida biyu. Wasu na cewa Kong ba zai kai minti biyar a gaban Godzilla ba, wasu na cewa ai biri yana da hannu da dabara, ga kuma gatari. Har 'yan ɗakin da ke kusa da namu suka shigo, kowa ya kama ɓangare.

Ana cikin haka na jefa tambaya: wai shi Godzillan nan, me ya haife shi? Wani ya ce ragowar dabbobin zamanin da ne. Wani ya ce, "Kai dai ka cika son dogon zance. Jarumi ne kawai, shi ke kare duniya in wasu dodannin suka taso." Mu takwas ne a ɗakin, duk ɗaliban jami'a, duk mun kalli finafinan nan, amma ba a samu mutum ɗaya da ya ambaci bam ba.

Ban yi musu dariya ba, don ni ma a zangon karatun da ya wuce amsar da zan bayar ke nan. Sai da wani malaminmu a sashen koyon aikin jarida ya tilasta mana kallon na asalin, wanda aka yi a Japan a 1954. Mun shiga ajin muna gunaguni, wai me za mu yi da fim mara kala a wannan zamani. Da aka kunna fitila bayan an gama, ajin ya yi tsit.

Ni dai ba na adawa da a sake yin tsohon fim. Mu da muka tashi da ɗumame mun san wani lokacin ya fi tuwon dare daɗi, in dai miyar tana nan. Matsalata da manyan kamfanonin Hollywood ita ce yadda suke zuba ɗaruruwan miliyoyin daloli su ƙara wa dodo tsayi da ƙiba da ruri, sannan su zubar da tsoron da ya haife shi tun farko. A kan Godzilla ma abin ya wuce zubarwa, kifar da labarin suka yi.

Inda dodon ya fito

A watan Agustan 1945 Amurka ta jefa bama-baman nukiliya a biranen Hiroshima da Nagasaki. Kafin ƙarshen shekarar, kimanin mutum 140,000 sun mutu a Hiroshima, kimanin 70,000 a Nagasaki. Daga nan sojojin Amurka suka mamaye Japan har zuwa 1952, kuma a lokacin mamayar an taƙaita abin da jaridu da finafinai za su iya faɗa game da bam ɗin. Wato an yi wa mutane ciwo, an kuma hana su kuka da ƙarfi.

Ranar 1 ga Maris 1954, Amurka ta gwada wani bam a tsibirin Bikini da ke tekun Pasifik, wanda ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima kusan sau dubu. Wani ƙaramin jirgin masunta na Japan mai suna Daigo Fukuryu Maru yana kamun kifi a yankin, da mutum 23 a ciki. Wata farar toka ta dinga zubo musu daga sama, ba su san mece ce ba. Kafin su koma gida duk sun kamu da ciwon gubar nukiliya. Mai kula da na'urar sadarwar jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu a watan Satumba. A faɗin Japan mutane suka dinga tsoron sayen kifi, a ƙasar da kifi shi ne cimarsu.

A watan Nuwamban wannan shekarar kamfanin Toho ya saki fim ɗin Gojira, wanda Ishiro Honda ya ba da umarni. Abin da fim ɗin ya buɗe da shi shi ne jirgin ruwa a tsakiyar teku, wani haske mai kashe ido ya tashi, jirgin ya kama da wuta. Duk ɗan Japan da ke zaune a sinima a ranar ya san zancen da ake yi, ba sai an yi masa fassara ba.

In aka zo maganar kayan aiki, abin dariya ne a idonmu na yau. Mutum ne, Haruo Nakajima, aka sa wa rigar roba mai nauyin kusan kilo 100, yana tattaka ƙananan gine-ginen kwaikwayo. Rurin dodon kuwa, safar hannu ta fata aka shafa wa ƙaro aka goga a kan tsirkiyar wata ƙatuwar goge ta Turawa. Amma kallon fim ɗin ba ya ba da dariya. Akwai wurin da wata uwa ta rungume 'ya'yanta a gefen titi, gari na ci da wuta, tana rarrashinsu cewa sun kusa zuwa wajen babansu. Akwai asibiti cike da mutane a kwance a ƙasa, likita ya kanga wa wani yaro na'urar auna gubar nukiliya, na'urar ta kama ƙara. Shekara tara kacal bayan Hiroshima aka nuna wa mutane wannan. Godzilla na 1954 bam ne aka yi wa ƙafafu.

Ku riƙe sunan mutum ɗaya a cikin labarin, domin za mu dawo kansa: Dakta Serizawa. Masanin kimiyya ne da ya ƙirƙiro wani makami da zai iya kashe dodon, amma yana tsoron in duniya ta san da shi, 'yan siyasa za su mayar da shi wani sabon bam. A ƙarshe ya ƙona takardun bincikensa, ya nutse ƙarƙashin teku ya kashe Godzilla, sannan ya yanke igiyar da za a jawo shi da ita, don kada sirrin makamin ya rayu ko a cikin kansa.

Da dodon ya ƙetara teku

Tun 1956 aka fara yi wa labarin aski. Da za a nuna fim ɗin a Amurka, an yanke wasu sassa, an rage zancen bam, an kuma cusa wani ɗan wasa, Raymond Burr, a matsayin ɗan jaridar da ke ba da labari.

A 1998 Hollywood ta yi nata na farko, Roland Emmerich ya ba da umarni, aka kashe sama da dala miliyan 100. Aka kai dodon birnin New York, ya koma wani ƙaton ƙadangare mai gudu yana ɓuya tsakanin benaye. To wa ya haife shi a wannan karon? Gwajin nukiliyar Faransa. Ka ji fa. Faransa ta yi gwaje-gwajenta a tekun Pasifik, wannan gaskiya ne, amma ka lura da yadda laifin ya tashi daga gidan masu fim ɗin ya koma gidan maƙwabci. Kamfanin Toho bai ji daɗin wannan halitta ba. Daga baya ya yanke mata rabin suna ya kira ta Zilla, a wani fim na 2004 kuma ya sa Godzilla na ainihi ya gama da ita cikin 'yan daƙiƙu.

Na 2014, wanda Gareth Edwards ya yi da kimanin dala miliyan 160, ya fi wancan kyau nesa ba kusa ba. Ya samo sama da dala miliyan 500, shi ya buɗe ƙofar jerin finafinan da muke musu a kansu yau. Amma a cikinsa ne aka ce gwaje-gwajen nukiliyar da aka yi a tekun Pasifik a shekarun 1950 ba gwaji ba ne, wai ƙoƙarin kashe Godzilla ake yi. Ka tsaya ka auna wannan magana. Bam ɗin da ya zuba wa masunta 23 toka mai guba, a tsibirin da aka kwashe mazaunansa tun 1946 kuma har yau ba su samu komawa sun zauna dindindin ba, ya zama aikin ceton duniya.

Sai na 2019. A nan ma akwai Dakta Serizawa, Ken Watanabe ne ya fito a matsayinsa. Shi ma ya nutse ƙarƙashin teku shi kaɗai, shi ma ya ba da ransa. Amma me ya je yi? Bam ɗin nukiliya ya ɗauka ya kai wa Godzilla da ya jikkata, ya tayar da shi a gabansa don dodon ya samu ƙarfi ya tashi ya cece mu. Ɗan Japan, wanda fim ɗin 2014 ya nuna yana yawo da agogon mahaifinsa da ya tsaya a lokacin da bam ya faɗa Hiroshima, shi aka ba wa wannan aiki. Serizawan 1954 ya mutu don kada a samu sabon makami, na 2019 ya mutu yana nuna mana cewa nukiliya magani ce, kamar cajin waya.

Zuwa 2024, a fim ɗin da aka yanko bidiyon abokina, Godzilla ya koma ruwan hoda, yana naɗewa ya yi barci a tsohon dandalin wasan Rumawa kamar kyanwa. An ragargaza dalolin Fir'auna a Masar, an tattake birnin Rio na Brazil da rana tsaka, amma ba a tsaya an nuna maka asibiti ko uwa mai neman ɗanta ba. Benaye na zubewa kamar ba kowa a ciki, mu kuma muna tafi.

"Ai nishaɗi ne kawai"

Na san abin da wasunku za su rubuto, don an riga an faɗa mini a ɗaki: Malam, fim ne fa, ba lacca ba. Mutum ya wuni cikin zafi da tsadar rayuwa, in ya sayi data ya sauke fim, so yake ya ga biri ya naushi ƙadangare ya manta da damuwarsa. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba zan yi ƙarya ba, ni ma na yi ihu lokacin da Kong ya ɗaga gatarin nan.

Akwai ma hujjar da ta fi wannan. Su kansu Japanawa sun mayar da Godzilla abin wasan yara tun da daɗewa. Toho ne ya fara haɗa shi faɗa da King Kong a 1962. A 1965 an nuna shi yana tsallen murna bayan ya ci faɗa, a 1967 har ɗa aka yi masa. Don haka ba Hollywood ce ta fara sa dodon rawa ba.

Na yarda da duka biyun. Amma akwai bambanci tsakanin mai ciwo ya yi wasa da tabonsa, da wanda ya ji masa ciwon ya zo ya sake rubuta yadda abin ya faru. Wasan yara bai taɓa cewa bam ɗin Bikini alheri ba ne. Abu na farko da aka koya mana a aji kuwa shi ne saƙon da ya fi shiga kai shi ne wanda ya zo a lokacin da ba ka tsammanin ana gaya maka komai. Ba wanda zai zauna ya karanta maka takardar da ke wanke makaman nukiliya ka saurara. Amma in aka sa shi a bakin jarumi, ga kiɗa, ga dodo na tashi, za ka haɗiye ba tare da ka tauna ba. Shaida ita ce ɗakinmu: mutum takwas, ba wanda ya haɗa Godzilla da Hiroshima.

Ba sai an ce akwai wata maƙarƙashiya ba, lissafin kasuwa kaɗai ya isa ya jawo haka. Wanda ya zuba dala miliyan 150 ko 200 a fim ɗaya, ban da kuɗin talla, dole fim ɗin ya sayu a Amurka da Sin da Turai da ko'ina. Duk abin da zai sosa wa wani rai sai a goge shi. Abin da ke saura shi ne abin da kowa zai gane ba tare da tunani ba: naushi, wuta, rushewar gini. Yawan kuɗin shi ke kawo tsoron faɗin wani abu.

Kada kuma a ɗauka cewa nake duk abin da ke cikin tsohon fim zinari ne. King Kong na 1933 abin al'ajabi ne a zamaninsa, ɗan mutum-mutumi aka dinga motsawa kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto har ya hau benen Empire State. Amma ku dubi yadda ya nuna mutanen tsibirin: baƙaƙen fata marasa wayewa masu miƙa mace ga biri. Da Peter Jackson ya sake yin sa a 2005 da dala miliyan 207, fim na sama da awa uku, ya gyara gashin birin har ana iya ƙirga shi, amma mutanen tsibirin sai ma suka ƙara zama abin tsoro. An samu shekara 72 da kuɗi mai yawa na sake tunani, aka kashe su a kan gashi. Sake yin fim dama ce ta a tambayi tsohon labari: me ya kamata a riƙe, me ya kamata a bari? A Kong an riƙe abin da ya kamata a bari, a Godzilla an bar abin da ya kamata a riƙe.

Ba girin-girin ba, ta yi mai

Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa a kan wannan ra'ayi shi ne an yi ɗumamen da ya yi daɗi, kuma a gabanmu aka yi. A 2016 Toho ya fitar da Shin Godzilla, shekara biyar bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta Maris 2011 da ta lalata tashar nukiliyar Fukushima. Dodo na tattake gari, manyan jami'an gwamnati na tashi daga wannan taro su shiga wancan, kowa na jiran wani ya sa hannu. Ban san ku ba, amma ni wannan hoton bai yi mini kama da baƙon abu ba.

Sai Godzilla Minus One na 2023, wanda Takashi Yamazaki ya yi da kuɗin da bai wuce dala miliyan 10 zuwa 15 ba, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na abin da aka kashe a na 2014. Labarin wani matashin matuƙin jirgin yaƙi ne da aka tura aikin ƙunar baƙin wake a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, ya ji tsoro ya kauce. Ya dawo Tokyo ya tarar iyayensa sun mutu, unguwarsu ta zama toka, maƙwabciya na zaginsa don ya dawo da rai. Ya tsinci kansa yana riƙon wata budurwa da jaririyar da ba tasu ba. Kafin dodon ya iso gari ka riga ka san mutanen da zai taka, shi ya sa in ya ɗaga ƙafa gabanka ke faɗuwa. Tambayar fim ɗin kuma tana da nauyi: ƙasar da ta ɗauki ran matasanta da arha, tana da bakin sake ce musu su mutu dominta?

Fim ɗin ya samo sama da dala miliyan 100, kuma a watan Maris 2024 ya ci kambun Oscar na gwanintar haɗa hoto da kwamfuta, karo na farko da wani fim ɗin Godzilla ya ci Oscar cikin shekara 70. Mutum 35 ne suka yi wannan aikin. Gaskiya ne albashin ma'aikatan fim a Japan bai kai na Amurka ba, don haka kwatancen kuɗin ba daidai yake ɗari bisa ɗari ba. Duk da haka, a fagen da Hollywood ke taƙama da shi aka doke ta, da fim ɗin da ya tuna dalilin da ya sa aka ƙirƙiro dodon.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce rigimar Japan da Amurka ce, mu 'yan kallo ne. To ga wani abu da ban sani ba sai bana. Ranar 13 ga Fabrairu 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a kusa da Reggane, cikin hamadar Aljeriya, Saharar da ƙurar hunturunmu ke tasowa daga cikinta. Ta sake yi, ta kuma sake. A watan Janairun 1961, Najeriya, tana da wata uku kacal da samun 'yanci, ta kori jakadan Faransa ta yanke hulɗa da ita a kan wannan. Kakanninmu sun san tsoron tokar da ke zubowa daga sama, har gwamnatinsu ta yi fushi a kai. Mu jikokinsu muna kallon fim ɗin da ke cewa bam abincin jarumi ne, muna tura wa juna guntayensa.

Mu da aka yi wa tatsuniyar Dodo a tsakar gida mun san ba don girmansa ake ba da labarin ba. Ana kawo shi ne don yarinyar da ta ƙi jin magana, ko garin da ya saba miƙa 'ya'yansa don a bar shi ya ɗebi ruwa. In ka cire wannan, saura ƙaton abu mai ruri.

Ba cewa nake ku daina kallo ba, wani zai fito kuma ni ma zan kalla. Roƙona ɗaya ne: kafin na gaba ya zo, ku nemi na 1954 da Minus One ku kalla, ko da a waya ne. Daga nan duk dodon da aka nuna muku, ku tambayi kanku tsoron wa yake ɗauke da shi, kuma wa ya amfana da aka cire. Masu sha'awar harkar fim a cikinmu, da masu haɗa gajerun bidiyo, ku ma akwai darasi: Honda da rigar roba ya yi abin da ake magana a kai bayan shekara 70, saboda ya san abin da ke hana mutanensa barci.

Abokin ɗakin nawa dai na tura masa na 1954. Ya kalla cikin dare, na ga ya cire abin kunnensa a daidai wurin asibitin nan, ya daɗe yana kallon silin. Da safe ya ce mini bai san haka abin yake ba. Amma har yanzu yana nan a kan bakansa cewa Kong ne zai ci.